Riga Ɗaya, Wuya Biyu

"Sun baro Rabah, Safara'u! Dogarai na tahe da mutumin Faransa!" in ji wata mata daga waje.

Allura ta suɓuce daga hannun Safara'u.

Tun da fara ta cinye gonakin Adar, ƙasar da Faransa ke mulki, suka gudo zangon baƙi na bayan Goronyo, ita da ƙanenta Isa da Attahiru, saurayin da ta ba zuciyarta. Mazan biyu aikin tilas na Faransa suka tsere wa. Goggo Habi, wata dattijuwar Wurno, ita ta kafa wa matan zangon rumfa tana koya musu ɗinki. An ce ɗinkin riga aikin maza ne, to amma yunwa ba ta san wannan ba. Da allura zangon nan ke cin tuwo.

Masu kamen ba suna suke tambaya ba, wuyan riga suke dubawa. Wanda aka gani da yankan Adar, igiya ce rabonsa. Riga mai wuyan Wurno kuwa, irin ta 'yan gari, ɗaya tak aka gama a rumfar, wadda Safara'u ta yi wa Attahiru don ranar aurensu.

Ga Isa, ga Attahiru, sun faɗo rumfar suna haki.

"Ɗiyata, ke kika ɗinka ta," in ji Goggo Habi. "Wa za ki ba?"

"Goggo, mi zan ce? Wanga jinina, wanga raina..."

Ta rungume rigar. Ta dubi Isa, amanar da uwarsu ta bar mata. Ta dubi Attahiru. Wallahi ta so ƙasa ta tsage ta shige.

Attahiru ya zare rigar daga ƙirjinta a hankali, ya zura wa Isa.

"Attahiru, a'a! Taka ce!"

"Yi shiru, sanyin idona. In anka tambaye ku, ku ɗiyan Goggo ne. Ba ku san ni ba, kin jiya?"

Bai rufe baki ba dogarai suka cika ƙofar rumfa. Mutumin Faransa ya murza wuyan rigar Isa da yatsa, ya saki. Ya kama na Attahiru, ya gyaɗa kai. Nan take aka zarga masa igiya.

Wani dogari ya lura da hawayen Safara'u, ya matso.

"Ke, mi kike ma kuka? Kin san wanga?"

Isa na gefenta. In ta ce e, an gane su duka.

"Hayaƙi ne," ta ce. "Ban san shi ba. Ban taɓa ganinai ba."

Attahiru ya yi mata murmushi, irin na wanda aka cika wa alkawari. Aka ja shi hanyar arewa, bai waiwayo ba, don kada ta kira sunansa.