Mijin da 'Yar Ruwa Ta Ɗauke

Doña Eudocia tana durƙushe gaban murhu tana juya wake, ɓerayen Masar na kai-komo a ƙarƙashin benci, lokacin da 'yarta Marleni ta ajiye kwandon ayaba ta ce, "Mama, Wilder yana so ya turo iyayensa ranar Lahadi."

Tsohuwar ba ta ko ɗago ba. "Wane Wilder? Mai kai Turawa gindin ruwa?"

"Shi dai da kika sani tun yana yawo ba wando."

"To, ya bar iyayensa su huta. Hanyar gidan nan da santsi."

Duk wanda ya tashi a garinmu Cocachimba ya san inda zancen ya dosa. Daga ƙofar kowane gida ana hango Gocta, ruwan da ke zubowa fari fat daga ƙoƙuwar dutse, wanda kakanninmu ba sa ko nuna shi da yatsa. Sun ce a gindinsa akwai 'yar ruwa mai gashi ruwan zinariya, in ta ƙyalla ido namiji ya yi mata, shi ke nan. Yanzu da baƙi suka cika gari da kyamarori, yawancinmu mun mayar da zancen abin hira a kan hanya, amma ba a gaban Doña Eudocia ba. Mijinta Leoncio ya fita neman saniya ta wajen ruwan tun Marleni tana goye, aka tsinci hularsa a kan dutse, shi kuwa ko sama ko ƙasa. Tun daga ranar ba ta sake sa tufa mai launi ba, kuma kowace shekara ita da 'yarta sukan kunna masa kyandir a coci.

"Mama, mutum nawa ke zuwa can kullum? Har da tsofaffi masu dogara sanda. Wa 'yar ruwan ta taɓa ɗauka?"

"Ubanki."

Marleni ta ce, "To in ya bar aikin fa? Ya koma noman rake?"

"Ta riga ta gan shi. Wanda ta gani, ko kan gadon aurensa yake sai ta kira shi. Na yi takaba ba gawa, ba zan zauna in ga kin yi ba."

Yarinyar ta fita bayan gida ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Wilder ya tura kawunsa, ya tura limamin coci, duk tsohuwar ta ba su kofi ta sallame su. Mu maƙwabta kuwa haushinta muke ji, don yaron ba shi da abin kushewa in ban da yawan shiru.

Da rani ya yi, wasu baƙi suka ɗauke shi doguwar tafiya can bayan duwatsu, inda kufan mutanen zamanin da yake kwance cikin daji, zagayayyun ɗakunan dutse da itatuwa suka tsiro a tsakiyarsu. Sun ratsa kogo da tocila, taɓo har gwiwa, sannan suka sauka wani ɗan ƙauye don hayar alfadarai. Mai alfadaran dattijo ne mai yawan tari, matarsa na zuba musu abinci. Ya ji lafazin Wilder ya ce, "Kai ɗan ina ne?"

"Cocachimba."

Igiya ta suɓuce daga hannun dattijon. Can ya ce a hankali, "Eudocia tana raye?"

Wilder ya dube shi da kyau. Goshin Marleni ne, wushiryar ma tata ce. "Kai ne Don Leoncio."

"A nan Leo nake, yaro. A can kuwa ruwa ya ci ni. Ka bar ni a yadda nake."

Ashe wata mai tallan cuku ya bi, hular kuma da gangan ya ajiye ta.

Wilder ya dawo gida da abin da zai ba shi aurensa a hannu. Kalma ɗaya a ƙofar coci ta isa, zancen 'yar ruwa ya mutu, tsohuwa ta rasa abin kamawa. Da wannan niyyar ya nufi gidan. Ya tarar da ita ita kaɗai tana ɗinke baƙin siket ɗinta da ya koɗe.

"An ce ka je bayan dutse," ta ce. "Me ka gani?"

Ya dubi hannuwanta da suka tsage saboda yankan rake. Ya tuna yadda maza ke cire mata hula a hanya don girmamawa, ya kuma san garinmu: kafin yamma za ta koma matar da miji ya gudu ya bari, har yara su yi ta waƙa da ita.

"Duwatsu da taɓo, Mama."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta koma kan allurarta.

Marleni ba ta san komai ba, ita dai ta gaji. Ta tare shi a hanyar ruwa yana jan dokin wata Baturiya, ta ja shi gefe. "Mu gudu birni, Wilder. Motar asuba kawai za mu hau."

"Ba zan ɗauke ki a ɓoye ba. An riga an yi wa mahaifiyarki haka sau ɗaya."

"Wa ya yi mata? Aljana?"

Ya juya yana gyara linzamin dokin.

"Kai matsoraci ne! Kana shiga kogo da Turawa kana ɗaukar hoto, amma tsohuwa ɗaya ta gagare ka. In ba ka so na, ka faɗa."

"Ina son ki, Marleni."

"To ka riƙe kayanka."

Daga ranar ta daina amsa gaisuwarsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa. Wilder ya rame har wuyansa ya fito, amma in iska ta yaye kwanon gidan su Marleni, shi za a gani a kan rufin, ya gyara ya sauka ba tare da ya nemi ko ruwan sha ba. Ita ma Marleni ba ta kula kowa ba. Ta yi baƙi, ta daina zuwa rawa, in ta hango shi sai ta shige ɗaki ta yi ta kuka.

Wata safiya wani mai alfadari daga bayan dutse ya tsaya a ƙofar gidan, hula a ƙirji. A gaban Marleni ya ce, "Ke ce Doña Eudocia? Don Leo ya rasu. Kafin ya cika ya ce a zo a roƙe ki gafara. Ai jagoran nan naku, Wilder, ya san gidan, har abinci ya ci a can."

Marleni ta dafa bango. "Mama, me mutumin nan yake cewa?"

Tsohuwar ba ta yi ihu ba. Ta zauna a kan benci ta ce, "Gaskiya yake faɗa. Tun ranar farko na sani, 'yata. Wanda ya je neman saniya ba ya ɗaukar takalmin zuwa coci."

"Amma kika bar ni—"

"Gara a ce ruwa ya ci shi da a ce ya gudu ya bar ni. Na yi ta faɗa har na kusa yarda. Da na ga yaron nan kullum a hanya da baƙi, yau nan gobe can, sai na ce shi ma wata rana zai ajiye hula." Ta share ido da bakin mayafi. "A kira min shi."

Wilder ya zo ya tsaya a bakin ƙofa.

"Ka sani, ka ga ina hana ka da ƙarya, me ya hana ka tona ni?"

"Maganarki ce, Mama, ba tawa ba."

Sai a nan kuka ya ƙwace mata. "Ka turo iyayenka," ta ce.

Marleni ba ta yi murna ba. Ta bi shi waje. "Ka bar ni ina kunna wa mai rai kyandir. Da ka faɗa min, da na ga ubana ko sau ɗaya."

"Haka ne. Na rufa mata asiri, ke kuma na cuce ki. Ba ni da abin cewa."

"Zan yi maka tambaya ɗaya. In ka rufe min kamar yadda ka saba, mun rabu har abada." Ta matso ta dubi idonsa. "Ya tambaye ni?"

Wilder ya so ƙasa ta tsage. Ƙarya mai daɗi tana bakinsa, kuma babu mai ƙaryata shi, tunda mai maganar ya mutu.

"Bai tambaye ki ba. Na jira, har na ambaci sunanki da kaina. Sai ya juya ya ci gaba da ɗaure kaya."

Ta durƙushe a wurin ta yi kuka irin wanda ba ta taɓa yi ba, shi ma ya durƙusa kusa da ita. Da ta gaji, hannunsa ta kama ta miƙe.

Bayan an yanke rake aka ɗaura aurensu, biki ne mara hayaniya. Haƙuri ya ba Wilder matarsa, rufin asiri kuma ya ba shi uwa ta biyu. Amma iyaye su ji: ƙaryar da aka yi don a tsare mutunci, 'ya'ya ne ke biyan ta. Marleni ta yafe wa uwarta, ta yafe wa mijinta. Ta haifi ɗa namiji, dangi suka ce a sa masa sunan kakansa bisa al'ada, ta ce a'a.