Amaryar Cikin Tele

"Goggo, shi ne! Wallahi Alkasum ne!"

Hindu ta miƙe zumbur, kwanon gyaɗar da ke cinyarta ya kife.

Duk Lahadi bayan magariba rabin unguwarsu a Tsarnawa na taruwa a gidan mahaifinta, Alhaji Chindo mai motoci, don shi kaɗai ke da tele, mai aiki da batirin mota. Wasan barkwancin Lahadi kuwa Hindu ba ta haɗa shi da komai. Ko zazzaɓi take, sai ta fito.

Yau sai ga Alkasum tela, wanda aka sa musu rana bayan girbi, wanda ya ce mata ɗinki ya kai shi Yamai, zaune cikin akwatin da babbar riga ana kiransa ango! Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi, aka shigo masa da amarya lulluɓe har ƙafa. Yana miƙa hannu zai ɗaga mayafin, wasan ya ƙare.

"An shafa fatiha," in ji Goggo Zalika, yayar Alhaji, tana tafa hannu. "Da idona na gani!"

"Goggo, wasa ne fa..." in ji Hindu.

Sai Iliyasu, direban Alhaji da ya daɗe yana neman Hindu ba ta kula shi, ya gyara murya.

"Alhaji, ban so faɗa ba. A tashar Yamai kowa ya sani. 'Yar wasan ce, tare suke yawo. Auren gaske ne aka ɗauka."

Alhaji ya cire wayar batir da hannunsa.

"Wasa ne ko gaske, ba ni ba da ɗiyata ga mai wasa da aure. Kada a sake kunna wanga abu a gidana!"

Satin nan Hindu ba ta san ɗanɗanon tuwo ba. Rediyon da take kwana da shi ma ta tura ƙarƙashin gado, don kowace waƙar soyayya aka sa, sai ta ga kamar da ita ake. Ta san wasa wasa ne. To amma wace ce cikin mayafin?

Direbobin hanya suka kai wa Alkasum labari. Ranar Lahadi da la'asar ya sauka. Alhaji ya ƙi ganinsa, sai ya zagaya ta bayan danga.

"Hindu... farin cikina, ki dube ni."

"Ina ka baro amaryarka?"

"Ni ke ɗinka wa 'yan wasan kaya. Mai fitowa ango ya kwanta ciwo, suka ce rigar ta yi mini daidai. Don ke na yarda! Na ce ranar da kika gan ni cikin wasan da kika fi so..."

"Na gan ka ai," ta ce, hawaye na zubo mata. "Wace ce ita?"

Ya girgiza kai.

"In na faɗa, cewa za a yi ƙarya na shirya. A kunna tele yau, za a ci gaba da wasan, ki gani da idonki. Shi kaɗai nake roƙo, masoyiyata."

Ashe Goggo na bayan rumbu tana ji. Ta tafi kai tsaye ɗakin ƙanenta.

"Chindo, maida batirin nan. Sai na ga fuskar wadda aka ce ta fi ɗiyata!"

Ba a yi wa Goggo musu a gidan. Bayan magariba tsakar gida ta cika fiye da kullum. Alkasum ya raɓe bakin zaure. Hindu ta damƙe gefen zanenta.

Ango ya miƙa hannu. Ya ɗaga mayafin.

Gemu ne ya fara bayyana.

Barmo ne! Barmo mai tumbi, babban ɗan wasan da ko yaro ya san shi, an rambaɗa masa kwalli, wai ya ɓuya cikin kayan amarya don gudun matarsa. Ya sunkuyar da kai yana kunya, ango ya tsere ta taga.

Gidan ya ɗauki dariya. Goggo ta faɗi kan tabarma tana kiran a taimake ta. Alhaji ya tamke fuska, ya cije leɓe, daga ƙarshe dariya ta ƙwace masa har hularsa ta faɗi. Da ya waiga neman Iliyasu, wurinsa babu kowa.

"Kai, tela, zo nan!"

Alkasum ya durƙusa.

"Ka tayar mana da hankali. Rana tana nan yadda aka sa. Amma ka sake fitowa ango a akwatin nan, ni da kai ne."

"Na tuba, Baba."

Hindu ta sulale bayan rumbu. Kowa dariya yake, ita kuka. Can ta ji muryar Alkasum ƙasa-ƙasa ta bayan danga.

"Har yanzu fushi kike?"

"Ban sani ba... numfashina nake jira ya dawo."

"To in jira tare da ke?"

Ta share fuska da mayafinta, murmushi ya suɓuce mata.

"Jira."

Gero na shiga rumbu aka ɗaura musu aure.