Sai an Ɗauke Ni Daga Gidan Babana

Ranar da Salmanu ya fara ganin Mu'minat, zuwa ya yi don yi wa gidansu kuɗi.

Simsar ne shi, dillalin gidaje a Mai Wurno ta ƙasar Sudan. Gidan yana can bayan gari kusa da kwaltar Sinnar, ɗaki huɗu da rumfa, da bishiyar lemo a tsakar gida. Tun rasuwar mahaifinta 'yan'uwanta maza suka watsu saboda yaƙi, kowa yana bugo waya a raba gado.

Ta kawo masa jabana, gahawa mai zafi, idonta jawur.

"Ya zol, bawan Allah, nawa ka yi wa Babana?" ta ce.

Kofin ya kusa suɓuce masa. Ya fara bayanin da ya saba, cewa gidan bakin kwalta ya ninka na bakin kogi tsada, ga masallaci kusa, ga famfo ba ya ɗaukewa. Da ya ɗago ya ga hawayenta, sai ya yanke bayanin.

Daga ranar kullum da dalilin zuwansa. Yau auna katanga, gobe duba rufi. Maƙwabta suka fara tsokanarsa: "Simsar, gidan kake ciniki ko 'yar gidan?"

Wata la'asar a gindin lemo ta faɗa masa abin da ke cin ranta.

"Baba ya sha cewa ba zan bar gidan nan ba sai da lalle a ƙafata, a ɗauke ni amarya daga ƙofarsa. Yanzu ga shi da buhun kaya zan fita."

Da ya koma ya turo mata saƙo: "Habibti, hasken idona, ba ni da ikon hana gado. Amma hawayenki na yau ba zai zuba a banza ba."

Ta amsa: "Na ji, Salmanuna. Kada ka ba ni kunya."

Ba a rufa wata ba, sai ga shi da Alhaji Jibirin, ɗan kasuwa daga Sinja. Aka yi ciniki, aka shafa fatiha. Mu'minat tana jin komai daga bayan labule. Ta kashe wayarta, ta kifa kai a gadon mahaifinta, ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Da magabatan Salmanu suka zo neman aure, Inna Dije, mahaifiyarta, ko tabarma ba ta sa an shimfiɗa musu ba.

"Wanda ya kai gidan mijina kasuwa ba ya zama surukina. Khalas!"

Inna da Mu'minat suna cikin ɗaure kaya Alhaji Jibirin ya yi sallama.

"Hajiya, mi kuke yi haka? Ai ba yanzu ba. Yaron nan Salmanu ya hana ni sakat. Ya yafe la'adarsa duka, ya ce sharaɗi guda ne: ba zan karɓi mabuɗi ba sai an ɗauki ɗiyarki amarya daga ƙofar nan, ko wa ta aura."

"Ko wa ta aura?" Inna ta maimaita a hankali.

"Haka ya ce wallahi. Ni dai a yi a yi, ina da iyali."

Inna ta kalli bishiyar lemo. Can ta goge ido da gefen mayafi.

"Mu'minat, kunna wayarki."

Saƙo ɗaya ta tarar daga Salmanu: "Ban iya tsare miki gidan ba, ki yafe ni. Ƙofar kawai na tsare."

Bayan girbin dawa aka yi bikin. Unguwa kaf ta cika tsakar gidan, aka yi guɗa, aka yi kuka, don kowa ya san shi ne taro na ƙarshe a gidan marigayi.

A bakin ƙofa Mu'minat ta tsaya, ta dafa katanga da hannunta mai lalle.

"Baba, ga ni zan fita kamar yadda ka ce."

Inna ta kama hannunta ta sa a na Salmanu. "Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku gidan da ba za ku sayar ba."

Sai da motar amarya ta hau kwalta, sannan Inna ta miƙa wa Alhaji Jibirin mabuɗin.