Haka Nake Nufi

Ranar da ta fara ganinsa, a kan kujera yake musu.

A makon farko na darasin falsafa ne, a wani ɗakin lakca da fankarsa ɗaya ce ke juyawa. Malama ta dafa wata tsohuwar kujerar katako ta ce, in aka canza mata ƙafa yau, gobe aka canza majingini, har ya zamana ba katakon asali ko ɗaya, shin ita ce ko wata ce daban? Sai wani dogon saurayi mai fensir a bayan kunne ya ɗaga hannu.

"Malama, don me muke so lallai ta zama ita ce?"

Aka kwashe da dariya. Daga ranar sunansa ya ɓace, ya koma Donme. Ita kuwa tun shekarar farko ake ce mata Shiru, don in ba kiran rajista ake ba, ba a jin muryarta. Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta tambayarsa a gefen littafinta, ta ja mata layi biyu.

Bayan kwana uku ya ari littafin nata suna laburare don ya kwafi abin da ya wuce shi. Da ya dawo da shi, sai ta ga ya rubuta da fensir a ƙarƙashin layukan nan biyu: "Ke kaɗai ba ki yi dariya ba. Don me?"

Sai da ta yi sati kafin ta ba shi amsa. Ya jira.

Daga nan suka saba da teburin da ke kusa da taga. Shi ya yi ta zuba, ita ta saurara, can ta jefa kalma biyar da za ta sa ya dafe kai. Kullum da hantsi sai wayarta ta yi ƙara.

"Amsata, kin karya? Akwai tambayar da ta tsaya min a wuya, ke kaɗai ce maganinta."

Ita kuma ta rubuta: "Ɗan rigima. Ka fara cin abinci, tambayar ba guduwa za ta yi ba."

Malama tana da doka ɗaya a muhawara. Ba ka da ikon mayar da martani sai ka maimaita hujjar abokin musunka da kalmominka, har ya ce da bakinsa, "Haka nake nufi." In bai ce ba, ka sake. Shiru tana son dokar nan, har zuwa ranar da aka haɗa Donme da Jar Biro.

Jar Biro ita ce ta ɗaya a ajin, doguwa, mai dariya da ƙarfi, ba ta rabuwa da jan biro da take gyara wa kowa kuskure ko bai tambaye ta ba. Batun muhawarar shi ne ko na'ura za ta iya tunani. Ta yi minti biyar tana kora bayani. Donme ya miƙe, ya cire fensirinsa daga bayan kunne, ya maimaita hujjarta tiryan-tiryan, har ya fi ta iya faɗa.

Jar Biro ta dafe ƙirji. "Wallahi haka nake nufi! Ban taɓa samun wanda ya fahimce ni haka ba."

Aji ya ɗauki tafi. Shiru ta duba hannunta, ta ga ta danne biro har takarda ta huje.

Washegari ta same su a laburare, a teburin taga, Jar Biro a kan kujerarta. Ta lura da komai, don lura ce sana'arta. Ta ga yadda yake karkata kai in yarinyar na magana, irin karkatar da ta zaci nata ne ita kaɗai. Ta ƙirga jan rubutu goma sha ɗaya a shafinsa. Ta juya kafin su gan ta.

"Amsata, ban gan ki a laburare ba. Lafiya?"

Ta karanta, ta kife wayar.

"Amsata, kwana biyu ke nan. In laifi na yi, ki faɗa min sunansa."

Ta rubuta: "Ka tambayi mai gyara maka kuskure." Ta goge. Ta sake rubutawa, ta tura, sannan ta yi kuka don haushin kanta.

A makon ne kuma Mama ta kai wa Baba zancen aurensu, kamar yadda Shiru ta roƙe ta tun kafin wannan rikici. Baba mai gyaran agogo ne, mutum ne da ba ya son abin da ba ya tafiya daidai. Ko ɗagowa bai yi daga agogon da yake kwancewa ba.

"Wanda kika ce yana tambayar ko kujera kujera ce? A'a. Mai shakkar komai, wata rana zai farka ya yi shakkar matarsa."

Mama ta zuba wa 'yar tata ido, tana jiran ta kare shi. Shiru ba ta ce uffan ba. A ranta cewa take, ai ga shi ma tun yanzu ya fara.

Ranar Laraba bayan lakca ya tare ta a matakalar laburare. Ya rame, fensir ɗin ma babu.

"Ba zan kare kaina ba," ya ce. "Dokar Malama za mu bi. Zan faɗi abin da ke ranki, in ban dace ba ki kore ni."

Ta rungume littattafanta. "Bismillah."

"Kina zaton ina son ta."

"A'a."

"To, kina jin haushin na ba ta kujerarki."

"Wannan ma akwai. Amma ba shi ba ne."

Ɗalibai suna ta wuce su. Can ya ce a hankali, "Kin zaci ke kaɗai nake saurara haka. Sai kika ga na yi wa wata a gaban kowa. Ita tana da baki, ke kuwa sai an jira ki. Tsoronki kada wata rana in gaji da jira."

Idonta ya ciko. Ta kalli takalminta. "Haka nake nufi."

"To yanzu na sami ikon magana. Ita ta zazzage komai a tebur, ko na'urar da muke musu a kanta za ta iya maimaitawa. Ke kuwa wata bakwai ina karatunki, yau ma sai a gwaji na uku na ci. Wa ya gaya miki ina son jarrabawa mai sauƙi?"

"Jan rubutu goma sha ɗaya fa?"

"Ƙirgawa kika yi?"

"Goma sha ɗaya ne ko ba su ba?"

"Sha biyu ne, akwai ɗaya a bayan shafi."

Ta kai masa duka da littafi, tana dariya da hawaye. Sannan ta gaya masa abin da Baba ya ce, da kuma yadda ta yi gum ba ta kare shi ba. Wannan ya fi yi mata wuyar faɗa.

Ranar Asabar da safe ya zo shagon Baba. Shiru ta fake da goge gilashin kantar shagon, kunnenta na wajensu. Baba ya faɗi ƙin amincewarsa ba kwana-kwana. Donme bai yi musu ba.

"Baba, bari in ga ko na fahimta. Ba karatun nawa ne damuwarku ba. 'Yarku ba mai kai ƙara ba ce. Kuna tsoron in na sauya mata, za ta haɗiye, ba wanda zai sani."

Baba ya cire madubin da ke maƙale a idonsa, ya dube shi da kyau. "Haka nake nufi," ya ce, kamar an fizgo maganar daga bakinsa.

Ya jawo aljihun tebur ya fito da wani tsohon agogo. "Na mahaifina ne. Na canza gilashi sau biyu, madauri sau huɗu, kayan ciki kusan duka. Kai mai tambaya, nasa ne ko ba nasa ba?"

Shiru ta daina gogewa.

"Nasa ne, Baba. Ba rana ɗaya da aka bar shi ya tsaya. Duk abin da aka canza, don ya ci gaba da tafiya aka canza."

Baba ya daɗe yana juya agogon a tafinsa. "Ni da uwarta ma ba abin da bai canza ba," ya ce. "Ka gama karatunka, ka turo manyanka."

Bayan sun kammala karatu da wata huɗu aka ɗaura auren. Baba da kansa ya ɗaura wa ango agogon nan a hannu, ya ce Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, masu tambaya daidai gwargwado. Malama ta zo, 'yan aji suka cika gida. Jar Biro ma ta zo, ta rungume amarya, ta miƙa wa ango kyauta a ɗan ƙaramin kwali: sabon jan biro.

Amarya ta miƙa hannu ta karɓe, ta yi godiya da murmushi, ta jefa a jakarta.

"Amsata, don me?" ya raɗa mata.

"Daga yau ni ce mai gyara," ta ce. "Ko sai na maimaita?"