Rabin Faɗin Taga

"Umma, wai ke ce kika saci jarrabawa?"

Tana tsefe wa 'yarta kai, matsefin ya tsaya cak a hannunta.

"Wa ya ce miki?"

"'Yan ajinmu. Sun ce kada kowa ya zauna kusa da ni."

A ranar ne aka kama takardun jarrabawar lissafi na 'yan aji shida a jakar yara uku, saura kwana biyu a yi jarrabawar. Ita ce ta gina wa makarantar shafin intanet da malamai ke ajiye tambayoyi, don haka ido ya koma kanta. Shugabar makaranta ta ba ta zuwa gobe da azahar: ko ta kawo bayani, ko a kira 'yan sanda, a kuma sallami 'yarta daga makarantar.

Ta buɗe kwamfutarta. Tun farko ta sa shafin ya riƙa rubuta duk abin da ya faru da tagar burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet: buɗewa, barinta a koma wata, canjin girma, shirin buga takarda. Rajistar ranar Litinin ta nuna kwamfutar ofishin malamai, an shiga shafin da asusun malamin lissafi. Ƙarfe goma, an bar taga ba a fita ba. Goma da kwata, an dawo. Faɗin taga ya ragu da rabi cif. An nemi bugawa. An rufe.

Da safe ta fara da malamin lissafi.

"Malam, ƙarfe goma da kwata ranar Litinin kana ina?"

"Ina aji, ina fama da yara arba'in. Tambaye su."

"Ka fita daga shafin?"

"Na rufe mana! Na danna ɗan layin nan na sama, ya ɓace."

"Ɓoye shi ka yi, Malam. Yana nan a ƙasa."

Ya dafe kai. Yara arba'in sun shaide shi.

Sai magatakardiya, mai kula da firintar buga takardu.

"Yaya, ni da firintata ba ta da tawada tun makon jiya? Tawadar ma na fita nema, mai gadi ya rubuta fitata."

Littafin mai gadi ya gaskata ta. Kuma shirin bugawa ba lallai sai da firinta ba, mutum na iya adana shafin ya tafi da shi. Saura awa biyu azahar. Ta sake duba layin nan na rabin faɗi. Wanda ya ja gefen taga da hannu ba ya samun rabi cif. Amma idan aka ninka girman rubutu, burauza kan sanar da shafi cewa faɗinsa ya koma rabi.

Ta roƙi shugaba ta tara duk mai makullin ofishin. Ta buɗe shafin, ta ce kowa ya zo ya karanta layi ɗaya. Malamai huɗu suka karanta suka tashi. Mataimakin shugaba, dattijo mai farin gemu, ya zauna yana tsaki.

"Rubutun naku kamar ƙafar kiyashi."

Ya danna, ya danna, rubutu ya kumbura har ya ninka. A rajistar da ke buɗe a wayarta sabon layi ya fito: rabin faɗi cif, lamba ɗaya da ta Litinin. Ta miƙa wa shugaba.

"Baba, ranar Litinin ƙarfe goma da kwata kana da darasi?"

"'Yar nan, ni kike tuhuma? Na haife ki!"

"Ka haife ni, Baba. Kana da darasi?"

Shugaba ta duba jadawali. Babu. Cikin yaran uku kuma har da jikansa, wanda ya maimaita aji shida bara.

Dattijon ya ce:

"Na shigo shan ruwa ne, na gan shi a buɗe. Yaron ba zai iya sake faɗuwa ba."

"Ita kuma tawa, shekararta bakwai, jiya ita kaɗai ta zauna a benci."

A makon ta gyara shafin: ya yi minti biyu a ɓoye, sai ya kulle kansa.

Kai mai karatu, ba kowane shafi ne aka yi wa wannan gyaran ba. In kana aiki a kwamfutar da ba kai kaɗai ke taɓa ta ba, kada ka ɓoye taga ka tashi. Fita daga asusunka tukuna, ko da ruwa za ka sha ka dawo.