Shi da Yatsu, Ita da Numfashi

Auta tana tsugune a tsakar gida tana wanke bakin ƙahon da mijinta ke busawa da ruwan ɗumi, sai ta ji sallamar Yaya, irin sallamar da ba ta jiran amsa.

"Baba ya ce ki haɗa kayanki."

"Haba Yaya, ko zama ba za ka yi ba?"

"In zauna in ji me? Busa? Ai ita ma ta ƙare."

Gaskiya ya faɗa, sai dai da mugunta. Mijinta, wanda kowa ke kira Mai Ƙaho, shi ne gwanin 'yan badujalar garin, har ranar da mota ta kaɗe shi a kan keke, ta zubar masa da haƙoran gaba, ta tsaga leɓensa. Likita ya ɗinke, amma leɓen ya warke da tauri. Shi kuwa ƙaho rawar leɓe ce ke ba shi murya. Yanzu in ya kai shi baki, iska kawai ke fita, kamar taya ta yi faci. Ƙungiyar ta sallame shi da godiya. Dama Baba bai taɓa son auren ba, sai ya ga ƙofa ta buɗe.

"Ka ba Baba haƙuri," in ji Auta, hawaye na zuba. "Lokacin da ake tafa wa mutumin nan ina gefensa. Yau da aka daina, da wane ido zan tafi?"

Bayan fitar Yaya, mijin ya leƙo daga ɗaki, hannunsa a kan baki. "Ki bi shi, Auta. Kada ki rasa uba saboda ni."

"Ka ci abincinka, yana hucewa."

Daga baya wani hedimasta ya tausaya, ya ba shi gwajin koyar da busa a makarantarsa. Amma ta yaya za ka koya wa mutum sautin da bai taɓa ji ba? Ya yi ta bayani, ɗalibai na kallonsa. Ya dawo gida ya zauna, ko takalmi bai cire ba.

Auta ta gama wanke bakin ƙahon, ta kafa leɓe ta hura don ruwan ya fita, kamar yadda ta saba tun tana amarya. Ya yi wata 'yar ƙara siririya.

Mai Ƙaho ya ɗago kai. "Sake yi."

Ashe shekarun wankin nan sun koya wa leɓenta abin da wasu ke shan wuya a kai. Ya haɗa ƙahon, ya tsaya bayanta, ya ɗora yatsunsa a kan maɓallansa uku. Ita tana hurawa, shi yana dannawa. Da waƙar ta fito, su biyun suka fashe da kuka.

Haka suka riƙa zuwa makaranta tare, kuma aikin ya zauna. Labari ya kai wa Baba cewa 'yarsa na busa ƙaho a gaban jama'a, ya ce kada ta sake taka masa gida. Duk mako sai ta je ta durƙusa a ƙofar, ta gaishe shi da ƙarfi, shiru. Ta share ido ta koma. Ɗalibai suka girma suka kafa tasu badujalar, mijinta ya yi suna a koyarwa, amma wannan ƙofar ba ta buɗe ba, kuma abin yana cin ta.

Wata safiya Yaya ya yi sallama, ya tsaya har aka amsa.

"Jikin Baba ya yi tsanani. Ya ce ku zo — ku taho da ƙahon."

Suka same shi ya rame, sai idanu. Ya ce, "Ku busa min wadda kuke yi da yamma, mai sanyin nan."

"Baba, ina ka ji ta?"

"Bencin mai gyaran keke, bayan katangarku. Kin ɗauka hira nake zuwa yi?" Ya yi tari. "Tun kina jaririya, in kina kuka sai kin ɗauke numfashi dab da ƙarshe. Haka kike yi a ƙahon. Girman kai ne ya hana ni zagayowa ta ƙofa."

Ta kai ƙahon baki, sauti ya ƙi fita. Mijinta ya raɗa mata, "Ja numfashi daga ciki, yadda muke gaya wa ɗalibai."

Ta ja, ta busa. Dab da ƙarshe numfashin ya ɗauke, Baba ya yi murmushi. Ya miƙa hannu ya riƙe yatsun surukinsa. "Ɗana, ka yafe mini. Allah Ya yi muku albarka."

Bai ƙara mako ba ya rasu.

Auta ba ta bar mijinta ba, ba ta kuma daina gaida ubanta ba, shi ya sa ta samu su duka biyun. Sai dai wanda ke fushi da nasa ya ji tsoron jinkiri. Har yau da yamma, in sun gama busa, takan ɗan yi shiru tana sauraren bayan katanga.