Baƙuwar da Bidiyo Ya Kawo

Magariba ta kawo jiki a Tsiga, Mairo tana kwashe tuwon masara, sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗaki. Ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta san aikin ɗanta Zainulabidin ne, wannan ragon da ya bar gona ya rungumi waya. Shi ne kwanakin baya ya sa abokinsa jifa ta bayan katanga, ya shafa wa ƙanwarsa Barakatu toka ta yi ta birgima, ya ɗauka a bidiyo ya watsa wa duniya, wai abin da ya faru ne da gaske. Sakarkaru kuwa suka yi ta kallo suna salati.

Sai dai yau ga shi zaune gabanta, hannu wayam, wayar tana caji a shago.

Dutse na biyu daga cikin rumbu ya fito. Kaji suka yi tsit. Barakatu ta ajiye ludayi a hankali, ta juyo da idon da ba nata ba, ta ce da muryar tsohuwa, "Ina 'yan'uwana?"

Maƙwabta suka leƙo, suka taɓe baki, suka koma. Malam Almustapha mai ruƙiyya ma sai da Mairo ta rantse masa kafin ya sa takalmi.

Ya yi karatu har gumi ya jiƙa masa riga, sannan ya ce, "Wace ce ke? Me yarinyar nan ta yi miki?"

Muryar ta ce, "A da a wata kuka nake zaune can Mahuta. Tun da aka sare ta dangina suka watse. Na leƙa wayar wani mai shayi, na ga an ce aljanu na gidan nan. An ce gaskiya ne. Har rantsuwa aka yi."

Malam ya harari Zainulabidin. "Kai, faɗa mata."

Gogan naka, jarumin waya, ya nuna zaren da yake jan murfin tukunya da shi a bidiyo, ya nuna ƙullin tokar.



"Tir," in ji muryar. "Kuma mu kuke ce wa masu ruɗi. Zan tafi, amma ya tsaya tsakiyar kasuwa ya ƙaryata kansa, kada wata irina ta sake shan wahalar hanya."

"Zai yi," in ji Malam. "Fita!"

Barakatu ta yi atishawa, ta zube. Can ta buɗe ido, ta ce, "Inna, ruwa."

Mairo ta ɗebo, ta tallabe mata kai. Sai Mairo ta tsinci kanta tana bin saman katanga da bakin taga da ido, tana neman inda aka ɓoye waya. Kunya ta kama ta, amma bakinta ya riga ta.

"Barakatu, tsakaninki da Allah, wannan ma shiri ne?"

Yarinyar ta daɗe tana kallon uwarta. Sannan ta ture kofin, ta juya fuska bango.